Amsa ga mai zuwa Winnipeg a watan Janairu da iyalinsa

Wa alaikumus salam ƙanena. Na ga tambayarka, ka ce ka samu gurbin karatu a Jami'ar Manitoba da ke Kanada, za ka sauka birnin Winnipeg farkon Janairu kai da maiɗakinka da ƴarku ƴar shekara uku, ba ku taɓa fita daga Najeriya ba, kuma kana tambaya ko jaket ɗin da ka saya a Kano da rigunan sanyi guda biyu za su isa, sannan me ya kamata ka sani game da sanyin garin. Allah ya sanya alheri a tafiyar. Ni aikin jinya nake yi a nan garin, kuma duk lokacin sanyi sai na ga baƙi an kawo su asibiti kan abin da da an yi musu bayani tun farko da ba su zo ba, shi ya sa zan ɗan ja amsar, ka yi haƙuri ka karanta har ƙarshe ka kuma ba madam ta karanta.

Gaskiya jaket ɗin nan ba zai isa ba. Zai kai ku daga ƙofar filin jirgi zuwa cikin mota, iyakarsa kenan. Abin da nake so ka fara cirewa daga ranka shi ne tunanin cewa sanyin nan hunturu ne da ya yi tsanani. A Kano da wuya sanyi ya sauka ƙasa da digiri 10, mutum ya daure ya yi ta rawar ɗari zuwa hantsi rana ta fito shikenan. A Winnipeg a watan Janairu da rana tsaka ana zama wajen -11, da dare wajen -21, wannan fa matsakaici ne, akwai ranakun da za a tashi -30 ko ƙasa da haka. Kuma ranar da ka ga sama garau rana ta fito tas, to sau da yawa ita ce ranar da ta fi sanyi, kada hasken da ka hango ta taga ya ruɗe ka. Sanyin nan dauriya ba ta aiki a kansa, nama ne yake daskarewa, ko kai waye.

Kullum da safe kafin ka fita ka duba yanayi a waya, kuma lamba biyu za ka gani. Ta farko ita ce ainihin sanyin, ta biyu ita ce yadda fata za ta ji shi idan an haɗa da iska, kuma ta biyun ita ce abin dubawa domin garin nan fili ne fetal babu dutse babu tudu, idan iska ta taso daga arewa babu abin da zai tare ta. Hukumar yanayi ta Kanada ta fitar da lissafin: idan lamba ta biyu tana tsakanin -28 da -39 fatar da ke buɗe za ta iya daskarewa cikin minti 10 zuwa 30, idan ta kai -40 zuwa -47 minti 5 zuwa 10 ne kawai. Ka auna wannan da jiran bas ɗin da ya makara. A kudancin Manitoba, lardin da Winnipeg take, idan ta kai -40 ne suke fitar da gargaɗi, ranar nan in ba dole ba yarinya kada ta leƙa waje.

Batun kaya. Mutanenmu suna zaton kauri shi ne ɗumi, sai mutum ya jibga riguna biyar na auduga ya fita. Abin da ke riƙe ɗumi shi ne iskar da ta maƙale tsakanin kaya, abin da ke kwashe ɗumi kuma shi ne jiƙa. Auduga tana shan gumi ta riƙe, ka yi sauri ka kama bas ka yi gumi, ka tsaya a tasha, singiletin da ke jikinka ta koma kamar tsumman da aka tsoma a randa ta manne maka a baya. Saboda haka abin da zai taɓa fatarka kada ya zama auduga, ka nemi ƴar ciki mai dogon hannu da dogon wando na ciki na ulu ko na roba irin na ƴan wasanni, a kansa ka sa suwaita mai laushi, sannan babbar rigar sanyi mai tare iska wadda ta sauko ta rufe cinya kuma tana da hula a jiki. Wandon jins shi kaɗai ba komai ba ne a -25, cinyoyinka za su yi ja su yi zafi kamar an mare su. Shadda da yadi ka zo da su don Juma'a da sallah, amma a kan na ciki za ka ɗora su, babbar rigar kuma a sama. Madam ma haka, abaya da hijabi ba sa hana komai, ta sa dogon wando na ciki da suwaita a ƙasa, ta sa hular ulu ƙarƙashin hijabin ko a kansa, kuma ta kula da tsawon abaya domin idan bakinta yana jan dusar ƙanƙara zai jiƙe ya daskare ya dinga bugun ƙafa.

Inda na fi ganin rauni shi ne yatsu, kunne, hanci da kumatu. Safar hannu mai yatsu biyar kyau gare ta amma wadda ake zura yatsu huɗu a buhu ɗaya babban yatsa daban ta fi ta nesa ba kusa ba, saboda yatsun suna ɗumama juna. Takalmi ka sayi but na sanyi wanda aka rubuta yana kai -30 ko -40, mai ƙasa mai kama ƙanƙara, kuma ka ƙara lamba ɗaya a kan wadda ka saba sawa. Dalili shi ne idan ka cusa safa biyu takalmin ya matse, jini ba ya zagayawa, ƙafar ta fi saurin mutuwa a kan wanda ya sa safar ulu ɗaya mai kyau yatsunsa suna motsi. Wuya da fuska kuma a rufe, har hanci.

Kada ka kashe kuɗinka a gida kan waɗannan, ko a Ƙofar Wambai ka samu mai kauri da wuya ka san ko na wane irin sanyi ne. Ka zo da abin da zai kai ku masauki, washegari ka je ka saya a nan. Kuma kada wani ya sa ka ji dole sai jaket na dala dubu, akwai gwanjo mai kyau a Value Village da shagunan Salvation Army, sabo kuma akwai a Mark's da Costco da Canadian Tire, kuma da yake bayan Kirsimeti za ku zo za ka tarar ana ta ragi. In kuɗin bai kai ba fara da takalmi da safar hannu da kayan yarinya, jaket na gwanjo ya ishe ka shekarar farko.

Yanzu abin da ya fi damuna, kuma shi ne dalilin da ya sa ban bar wani ya amsa maka ba. Yawancin hotunan da za ka gani na daskarewar fata a takardun gargaɗi na fararen fata ne, ana cewa wurin zai yi ja sannan ya yi fari. A fatarmu ba haka yake fitowa ƙarara ba, wurin yakan yi toka-toka ko ya dusashe, ya yi sheƙi, in ka taɓa ka ji ya yi tauri. Saboda haka kada ka jira launi, ka bi abin da kake ji. Farko zafi ne da tsikari kamar ana soka allura, wannan gargaɗi ne ka nemi wuri ka shiga, kowane shago kowane banki ka shiga babu wanda zai kore ka. Idan zafin ya ɗauke wurin ya mutu ba ka jin komai, mutane sai su ce alhamdulillahi na saba, alhali lokacin ne abin ya fara ɓaci. Ku riƙa duba fuskar juna kai da madam idan kuna tafe, yarinya kuwa ba za ta faɗa ba, ku ne za ku duba kumatunta da yatsunta.

In ya faru, a shiga ɗaki, a cire duk abin da ya jiƙe da zobe da agogo, a sa wurin a ruwan ɗumi mai kamar zafin jiki, digiri 37 zuwa 39, wanda gwiwar hannun mai lafiya za ta iya zama a ciki ba tare da ƙuna ba, kamar rabin awa. Zai yi zafi sosai lokacin da jini ke dawowa, hakan daidai ne. Kada a murza, kada a goga masa dusar ƙanƙara, kada a kara a jikin hita ko murhu ko a gasa da tsumma mai zafi irin yadda muke gasa targaɗe, domin naman da ya mutu ba ya jin ƙuna, sai an ƙone shi ba a sani ba. Idan ƙafa ce kada a taka in da hali. Idan ya yi bororo kada a fasa, a tafi asibiti. Kuma idan akwai yiwuwar wurin ya sake daskarewa kafin a kai ga taimako gara a bar shi yadda yake, narkewa a sake daskarewa shi ne yake cin yatsa. A watan Disamba na 2016 wasu ƴan Ghana biyu sun tako da ƙafa daga Amurka suka shigo ta kusa da garin Emerson da ke bakin iyaka, kudu da nan, sun rayu amma sun rasa kusan duk yatsun hannunsu. A Janairun 2022 kuma a wannan yankin aka tsinci gawar iyali mutum huɗu ƴan Indiya, uba da uwa da yara biyu, sanyi ne ya kashe su a fili. Ban kawo wannan don in tsorata ka ba, so nake ka san girman abin da ake magana a kai.

Akwai kuma sanyin da ke shiga jiki gaba ɗaya, zafin jiki ya sauka ƙasa da 35. Alamarsa rawar ɗari mai ƙarfi, harshe ya yi nauyi, tafiya ta zama tangaɗi, mutum ya rikice ko ya ce barci yake ji. Idan rawar ɗarin ta tsaya alhali mutum bai ji ɗumi ba, a kira 911, lambar gaggawa, kai tsaye. Kafin su zo a cire jiƙaƙƙun kaya a lulluɓe ƙirji da wuya da kai, in yana cikin hayyacinsa a ba shi abu mai ɗumi mai zaƙi, in ba ya cikin hayyacinsa kada a ɗura masa komai.

Man shafawa, ku zo da man kaɗe mai yawa, za ku gode min. Iskar cikin gida idan hita tana aiki a bushe take kamar ta hunturu, ga kaushi ga faso ga leɓe yana tsagewa, yara kuma haɓo. Ku sayi ƴar na'urar da ke sa danshi a ɗaki, ku rage wanka da ruwa mai zafi sosai, a shafa mai tun jiki da ɗan laima. Amma ka riƙe wannan, basilin ko man kaɗe a fuska ba ya hana daskarewa, an bincika a kan sojojin Finland an ga masu shafawa ba su tsira ba, sai ma ya sa mutum ya ji kamar ya kare kansa ya bar fuska a buɗe. Mai na gyaran fata ne, rufewa ita ce kariya.

Sai maganar gawayi, dan Allah ka karanta wannan da kyau. A gida mun saba idan sanyi ya yi a shigo da kaskon wuta ɗaki, ko a can ma yana kashe mutane, sai dai ɗakunanmu suna da kafofin da iska ke shiga. Gidajen nan an toshe su ruf don kada ɗumi ya fita. Gawayi ko murhun gas na waje ko janareta a cikin gida ko a gareji yana fitar da iskar kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da launi, farkonta ciwon kai da jiri da tashin zuciya kamar mura, daga nan barci, daga barcin ba a tashi. Ko wuta ta ɗauke kada ku yi, kada kuma a kunna oben a buɗe ƙofarsa don ɗumama ɗaki. Garwashin turaren wuta ma madam ta koma na lantarki, ga hayaƙi zai tayar da ƙararrawar gobara ta gini gaba ɗaya. Ranar da kuka shiga gida ka duba ko akwai na'urar da ke ƙara idan wannan iskar ta taru, in babu ka saya ba ta da tsada. Idan dukanku kuka tashi da ciwon kai lokaci ɗaya kuma kuka ji sauƙi da kun fita waje, kada ku koma ciki, ku kira 911.

Kafin ka sa hannu a takardar haya ka tambaya ko kuɗin ɗumama gida yana cikin haya ko kai za ka biya, bambancin yana da yawa a watan Janairu da Fabrairu. Dokar birni ta wajabta wa mai gida ɗumin ya kai digiri 21 da rana, 18 da dare, in bai kai ba haƙƙinka ne ka yi magana, kada ka yi kawaici kana zaune da yarinya cikin sanyi. Kada ka bar taga a buɗe ka fita, kada ka kashe hita don za ku yi tafiyar kwana biyu, bututun ruwa yana daskarewa ya fashe ya jiƙa na ƙasa da ku, kuɗin gyaran kuma ba ƙarami ba ne, shi ya sa inshorar ɗan haya take da amfani. A sanyin 2013 zuwa 2014, wanda ba a ga irinsa ba tun 1898, har bututun da ke binne a ƙasa sai da suka daskare, gidaje da yawa suka yi makonni babu ruwan famfo.

Ba ka faɗi jinsin jininku ba, amma dole in tambaya. Idan akwai mai sikila a cikinku sanyi da ƙarancin ruwa a jiki suna tayar da ciwon, to ku zo da duk takardun asibiti, ku nemi likita tun satin farko kada ku jira sai ciwo ya tashi. Mai asma ya riƙa numfashi ta cikin abin rufe hanci, abin shaƙarsa kuma a aljihun ciki. Ku sha ruwa ko ba ku jin ƙishi, a sanyi ƙishi ba ya zuwa amma jiki yana bushewa. Sannan bitamin D, daga wajen Oktoba zuwa Maris ranar nan ba ta da ƙarfin da fata za ta haɗa shi, mu masu duhun fata kuma abin ya fi taɓa mu, balle mace mai rufe jiki, ka tambayi mai kemis adadin da ya dace da kowannenku har yarinyar. Ka kuma tabbatar inshorar lafiyar da makaranta za ta sa ka ta haɗa da iyalinka, domin a 2018 aka cire ɗaliban waje daga tsarin lafiya na gwamnatin Manitoba. Akwai layin Health Links da nas ke ɗauka dare da rana idan kana shakkar ko abu ya kai a je asibiti.

Alwala, ka yi ta a gida ko a cikin gini ka goge fuska da gemu da hannu su bushe sarai kafin ka fita, haka madam kada ta fita da jiƙaƙƙen kai. Ka tambayi malami hukuncin shafa a kan huffi tun kafin ka taso, zai sauƙaƙa maka a makaranta. Ranar gajera ce, ƙarshen Disamba rana tana fitowa wajen takwas da rabi ta faɗi wajen huɗu da rabi, azahar da la'asar da magariba suna bin juna kusa-kusa, sai ka tsara su da lakca. Babban masallacin da ke titin Waverley ba shi da nisa da jami'arku.

Zirga-zirga kuwa, a harabar jami'arku ta Fort Garry akwai hanyoyin ƙarƙashin ƙasa da suka haɗa gine-gine da yawa, ka koye su tun ranar farko, cikin gari ma akwai gadojin da aka rufe da gilashi tsakanin gine-gine. Ka duba lokacin bas a waya ka fita daidai, wayar kuma a aljihun ciki kusa da jiki saboda sanyi yana kashe batir farat ɗaya. A kan ƙanƙara gajeren taku, hannu a waje ba a aljihu ba, karayar wuyan hannu da ta ƙugu muna ganinsu kullum. Ban ba ka shawarar sayen mota a sanyin farko ba, ka fara ganin yadda titi yake. In ka saya, tayoyin sanyi, da igiyar hitar inji da za ka ga tana leƙowa a gaban kowace mota, a jona ta da lantarki awa uku zuwa huɗu kafin a tayar idan an kai wajen -18, tanki kada ya sauka ƙasa da rabi, bargo da shebur a but, kuma kada ka zuba ruwan zafi a gilashi zai tsage. Idan mota ta maƙale a hanyar bayan gari ku zauna a ciki kada ku taka, ka share bakin salansa kada dusar ƙanƙara ta toshe shi, ka riƙa tayar da inji kamar minti 10 duk awa da taga a ɗan buɗe. Yarinya kuma ba a ɗaure ta a kujerar mota da jaket mai kumburi, bel ɗin ba ya kama jiki, a ɗaure ta da suwaita sannan a lulluɓa mata jaket ɗin a sama.

Na bar maganar madam ƙarshe don ita ce wadda ba a cika yi ba. Kai za ka fita lakca ka ga mutane, ita za ta wuni a ɗaki da yarinya, ga duhu tun huɗu da rabi, babu maƙwabciyar da za ta leƙo babu sallama a ƙofa, macen da ta saba da gida cike da mutane. Na ga mata da yawa sun shiga ƙunci a watannin nan, barci ya yi yawa, kuka babu dalili, miji kuma yana ganin ai ba ta rasa komai ba. Ka saya mata kayan sanyi masu kyau daidai da naka don ta iya fita ita kaɗai, ka nuna mata bas, ka haɗa ta da matan masallaci tun satin farko, laburaren unguwa kyauta ne kuma suna da shirin yara. Ranar da sanyi ya sassauta zuwa -10 ku fita da rana ko na minti ashirin ne, ku je The Forks, wurin shaƙatawa a mahaɗar koguna biyu, ku ga mutane suna yawo a kan kogin da ya daskare, a Fabrairu kuma akwai bikin Festival du Voyageur a unguwar Saint Boniface. Idan ka ga ƙuncin ya wuce sati biyu bai ɗaga ba ku ga likita, ciwo ne kuma ana maganinsa.

Ranar tafiya kayan sanyinku su kasance a jakar hannu, kada ku sa su a babban akwati domin akwati yana iya makara a hanya. Ka samu wanda zai tarbe ku da mota ka roƙe shi ya taho da aron jaket biyu da bargon yarinya, mutanenmu a nan sun saba yin haka kuma ba za su ji nauyi ba. Ku sa komai tun kuna cikin ginin filin jirgi kafin ƙofa ta buɗe, kuma ka turo min amsar maganar sikilar nan kafin ku taso.